Kakin Faransa ba kakin makaranta ba ne: muhawara kan fentin Morane 406

Autan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a agaza min, na kwafsa. Wata biyu ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin samfurin roba na jirgin yaƙin Faransa Morane-Saulnier 406, na kamfanin Heller, ma'aunin 1/72 (wato na gasken ya ninka shi sau 72), wanda yayana ya zo min da shi tsaraba. Haɗi ya tafi lafiya lau. Da na zo kan fenti sai na karanta cewa jiragen yaƙin Faransa na 1940 launi uku ne a samansu: gris bleu foncé, kaki da brun. Ina ganin "kaki" na ce ai wannan ɗan gida ne, na kwaɓa irin na wandon makaranta na shafa. Ga hoton nan. Jirgi ya fito kamar buhun siminti. Ina na ɓata?

Malama Mai Zane, Zariya:
Wa alaikumus salam. Bakano ke nan, ya ji kalma ya sani, bai tsaya tambaya ba ya buɗe shago.

Autan Fagge:
Anti, a bari in warke tukuna kafin Zage-zagi su fara.

Ɗan Damagaram:
Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne, ni ma da na fara haka na yi, kuma ni na yi karatu da Faransanci. Abin da suke kira kaki a jiragen nan kore ne, kore mai duhu da ya sirka da ruwan ƙasa. Ka tuna miyar kuka da ta kwana aka ɗumama, to can wajen. Shi ya sa a wasu takardun za ka ga an rubuta vert, wato kore kai tsaye. Gris bleu foncé kuwa toka ce mai duhu da shuɗi a cikinta, kamar hadari idan ya haɗo daga gabas. Brun ɗin ruwan ƙasa ne mai duhu, wasu su ce chocolat, wasu su ce terre de Sienne, kuma waɗannan biyun ma ba abu ɗaya ba ne, na biyun ya fi ja. Cikin jirgin daga ƙasa gris bleu clair ne, toka mai haske da ɗan shuɗi-shuɗi. Huɗu ke nan. Naka kakin ya yi haske ƙwarai, shi ya sa ya haɗiye sauran biyun.

Injiniya Kaduna:
Duk wannan kwatance na miya da hadari ba zai kai yaron nan ko'ina ba. Miyar kukar gidanku daban, ta gidanmu daban. A ba shi lamba. Auta, idan kana da fentin kamfanin Tamiya, wanda kowane launinsa ke da lambarsa ta XF, ga abin da nake yi shekara da shekaru, kuma da sirinji nake aunawa, ba da ido ba:
Kaki: XF-62 kashi 3, XF-49 kashi 1.
Toka mai duhu: XF-18 kashi 2, XF-53 kashi 2, XF-24 kashi 1.
Ruwan ƙasa: XF-10 kashi 3, XF-64 kashi 1.
Na ƙasan jirgi: XF-23 kashi 1, XF-19 kashi 1, fari XF-2 kashi 2.
Ka rubuta a jikin kwalba. Ran da fenti ya ƙare maka a tsakiyar fiffike za ka gode min.

Ɗan Damagaram:
Kawu, ranka ya daɗe, haɗinka yana da kyau, na ga jirgin Dewoitine ɗin da ka yi da shi. Amma kar yaro ya ɗauka lambobin nan daga ma'aikatar jiragen saman Faransa suka fito. Idonka ne ya zaɓe su kafin sirinji ya auna. Kuma abin da ya sa nake yawan musu a kan wannan shi ne yadda aka yi fentin tun asali. Kafin rikicin Munich na Satumban 1938, lokacin da Turai ta kusa faɗawa yaƙi da Jamus, jiragen farauta irin su Dewoitine 500 da 510 da launin azurfa suke yawo, manyan masu jefa bam irin Amiot 143 kuma ruwan cakulan ne daga kai har wutsiya. Da aka ga yaƙi na tafe sai aka shiga fentin ɓad-da-kama cikin gaggawa. Wasu an fesa su a masana'anta, wasu a sansani, da fentin kamfanoni daban-daban. Ba a yi amfani da zane guda da kowa zai bi ba kamar yadda Ingila ta yi wa jiragenta Spitfire da Hurricane. Mai feshi ne da bindigarsa, ya zagaya jirgi yadda hannunsa ya ba shi. Ka jera hotunan Morane goma, da wuya ka sami biyu da tabbansu suka zo ɗaya. To wurin da aka bar zane a hannun mai feshi, kuma Morane kusan dubu aka ƙera, ta yaya za a ce duk korensu ɗaya ne tak?

Injiniya Kaduna:
Ban ce ɗaya ne tak ba. Na ce akwai abin da aka nufa, kuma shi ya kamata mu nufa. In ba haka ba kowa ya shafa abin da ya ga dama ya ce "ai Faransawa ma haka suka yi". Da wannan hujjar ai buhun simintin Auta ma daidai ne.

Autan Fagge:
Kawu har da kai?

Oga Mai Feshi:
Ku bari in sa baki, tunda feshi ne sana'ata, shekara 22 ina fentin mota. Ku kawo min mota biyu iri ɗaya, lambar fenti ɗaya, ɗaya tana kwana a rumfa ɗaya tana kwana a rana. Bayan damina ɗaya ba za ka ce uwarsu ɗaya ba. Jiragen nan a fili suka yi sanyin 1939 zuwa 1940, ruwa da ƙanƙara na dukansu, makanikai na hawa da takalmi. Wanda ya fito daga masana'anta a watan Mayu da wanda ya shekara a waje ba za su yi kama ba ko da daga gwangwani ɗaya aka fesa su. Injiniya na da gaskiya a kan awo, domin in ba ka auna ba, ba za ka iya maimaitawa ba. Amma awon na taimakon kanka ne, ba shaidar tarihi ba ne.

Auta, tambaya: da me ka tsinka fentin? Na ga gefen fiffiken hagu kamar ya yi ƙuraje.

Autan Fagge:
Oga, tina na saya a wani shagon kayan fenti, mai shagon ya ce tana yin komai.

Oga Mai Feshi:
Na sani. Tinar mota ce ya ba ka. Tana yin komai, har da cin roba. Jikin jirgin naka roba ce mai laushi, tinar mota narkar da ita take yi. Allah ya taimake ka ba ka zuba da yawa ba. Ka bar shi ya bushe kwana biyu, ka goge wurin da sanfefa mafi laushi da ɗan ruwa, a hankali. Kuma ka riƙe wannan: fentin mai da tinarsa, fentin ruwa da tasa. Kar ka haɗa fentin mai na Humbrol na ƙaramin gwangwani da fentin ruwa na Tamiya na kwalba a mazubi ɗaya, za su guntse kamar nonon da aka matsa wa lemon tsami.

Malama Mai Zane, Zariya:
To bari in yi magana ta gaskiya yanzu, tunda na gama tsokana. Ba kowa ke da kwalaben Injiniya ba, kuma kafin a aiko maka da su daga waje kuɗin aike ya fi na fentin. Da launi biyar na fentin ruwa irin na masu zane za ka fitar da duka huɗun: fari, baƙi, rawaya, ja, shuɗi.

Kuskuren da ɗalibaina ke yi kullum shi ne su haɗa shuɗi da rawaya don neman koren soja. Wannan koren ganyen latas zai ba ka. Koren soja daga rawaya da baƙi yake fitowa. Ka zuba rawaya, ka ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan, za ka ga ya juya ya zama ruwan zaitun da kansa. Idan ya yi kore da yawa, ɗigon ja ɗaya zai ja shi zuwa ƙasa. Ruwan ƙasan kuma ja da rawaya da baƙi ne, ka tsaya lokacin da ya kai launin makuba a jikin katanga, kar ka bari ya kai ruwan hanta. Tokar mai duhu: ka fara yin toka da fari da baƙi, sannan shuɗi ya shiga a ƙarshe, kamar gishiri. Mutane suna jin "bleu" sai su cika shuɗi, jirgi ya fito kamar bokitin roba.

Kuma kullum mai duhu ake ɗigawa cikin mai haske. In ka yi akasin haka za ka ƙarar da farinka duka kana bin baƙi ɗigo uku.

Injiniya Kaduna:
Malama, wannan ilimi ne, ban musa ba. Amma "ɗigo" nawa ne? Ɗigon tsinke ko ɗigon buroshi?

Malama Mai Zane, Zariya:
Kawu, ɗigon sirinjinka. Na sallama maka wannan. Amma ga inda ba zan sallama ba: ba launi ɗaya-ɗaya ake dubawa ba, zamansu tare ake dubawa. A jiragen nan kore da ruwan ƙasa nauyinsu ya yi kusa, in ka runtse ido kaɗan sai su kusa haɗewa, tokar ce ke ɗan fita daban. Ko da kowane launi ya dace da lambarsa, idan ɗaya ya yi tsalle ya bar 'yan'uwansa, jirgin ba zai yi kama da na Faransa ba. Auta, ka sayi cokulan roba farare, ka shafa ukun gefe da gefe a bayan cokali ɗaya, ka bari ya bushe sarai, domin fentin ruwa yana ƙara duhu in ya bushe. Sannan ka fita da shi tsakar gida da hantsi, a inuwa. Kar ka duba da fitilar caji, farin haskenta shuɗi ne, ƙarya take yi.

Baban Ikram:
Ni ina da tambaya ta jahilci. Me ya sa ba za a duba hotunan lokacin a huta ba? Gani ai ya kori ji.

Ɗan Damagaram:
Yaya, a nan kam gani bai kori komai ba. Yawancin hotunan baƙi da fari ne, kuma fim iri biyu ake amfani da shi a lokacin. Akwai tsohon iri wanda ba ya ganin ja: ja da rawaya su fito kusan baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. A irin wannan hoton ruwan ƙasan jirgi zai yi duhu ƙirin, tokar ta yi haske fiye da yadda take. A ɗaya fim ɗin kuma kore da ruwan ƙasa su narke su zama abu ɗaya, har ka rantse launi biyu ne kawai a jirgin. Dabarar ita ce ka fara duba tambarin tuta. Na Faransa shuɗi ne a tsakiya, fari, sannan ja a waje, akasin na Ingila. Idan jan zoben ya fito baƙi wuluk, ka san da wane fim kake magana, sai ka yi wa sauran launukan lissafi da haka.

Hotuna masu launi da ke yawo a Facebook kuwa, da yawansu kwamfuta ce ta shafa musu launi daga baya. Wanda ya shafa ɗin shi ma tsammani ya yi.

Baban Ikram:
To na gidan tarihi fa? Na ga bidiyon Dewoitine 520 da ke Le Bourget kusa da Paris.

Injiniya Kaduna:
Wannan kam ni da Ɗan Damagaram bakinmu ɗaya. Jirgin na gaske ne, fentin sabo ne. An yi masa kwalliya ne da alamun jirgin matuƙin Faransa Pierre Le Gloan, mai lamba 6, wanda ya harbo jiragen Italiya biyar a fita ɗaya ranar 15 ga Yunin 1940, amma ba shi ne ainihin jirgin nasa ba. Haka Morane ɗin da ake gani yana tashi a bukukuwan jiragen sama da tutar Faransa, ƙirar Suwizalan ne, D-3801. Masu gyaran sun yi bincike, ba a raina musu ba, amma su ma haɗawa suka yi kamar yadda muke yi, sai dai bokitinsu ya fi namu girma.

Ɗan Damagaram:
Alhamdu lillahi, Kawu ya dawo hanya.

Injiniya Kaduna:
Ban dawo ko'ina ba. Su ma da awo suka haɗa.

Sai wani abu da ba a faɗa ba. Morane na gaske faɗin fukafukansa mita 10 da 'yan kai ne. A 1/72 bai kai santimita 15 ba. Kallon ɗan jirgin nan a kan tebur daga nisan hannu kamar kallon na gaske ne daga mita 40 ko 50, kuma abu daga nesa launinsa yana dusashewa. Don haka in ka sami haɗin da kake ganin daidai ne, ka ƙara masa haske kaɗan. Ni kashi 1 cikin 10 nake sawa a wannan ma'aunin. A kore da ruwan ƙasa kar ka sa fari zalla, zai mai da su kamar an barbaɗa gari. Ka sa XF-57, wato ruwan ƙasa mai haske, ko ɗan rawaya mai haske.

Malama Mai Zane, Zariya:
Kun ji ko? Mai lamba da kansa ya ce a sami lamba sannan a ɓata ta da kashi ɗaya cikin goma.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Salamu alaikum, na makara. Ni abin da ke ba ni sha'awa shi ne jiragen nan ba su tsaya a Turai ba. Bayan Faransa ta sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 22 ga Yunin 1940, waɗanda suka rage a hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta yi sulhu da Jamus, an ƙara musu alamu: da farko farin layi a gefen jiki, daga baya kuma ratsin ja da rawaya a wutsiya da murfin inji. Jiragen Curtiss H-75 na Faransa suna Dakar lokacin da Ingila da mutanen de Gaulle, janar ɗin Faransa da ya ƙi sulhun, suka kai hari a Satumban 1940. Ina da H-75 a kwali, so nake in yi na Dakar ɗin. Shin in sa ratsin ja da rawaya?

Ɗan Damagaram:
A'a, ɗan'uwa, in na Satumban 1940 kake so, ratsin bai zo ba tukuna, sai a 1941. Ka zaɓi wata da shekara kafin ka buɗe kwalba. In kuma na bayan ne, ka shafa fari a ƙarƙashin rawayar, in ba haka ba koren zai leƙo ta cikinta komai yawan shafin da ka yi.

Ka tuna min da abin da ke ba ni mamaki kullum. A shekarun nan Nijar tana ƙarƙashin Vichy har zuwa Nuwamban 1942, Cadi kuwa tun 26 ga Agustan 1940 gwamnanta Félix Éboué ya bi de Gaulle. Jiragen Ingila ana haɗa su a Takoradi can wajenku, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi zuwa Khartoum da Alƙahira. Wato Kano da Damagaram, tafiyar da fatake ke yi da jakuna, suna ɓangarori biyu na yaƙin Turawa. Amma a kula: Faransawan de Gaulle da ke Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, da yawan jiragensu na Ingila ne irin su Blenheim da Lysander, da fentin Ingila suka zo. Kar wani ya shafa musu launukan da muke magana a kai.

Shugaban Zaure:
Jama'a, tarihi da daɗi, amma jirgin Auta na nan yana jira da ƙurajensa. A koma kan fenti.

Oga Mai Feshi:
To. Auta, bindigar feshi gare ka ko buroshi?

Autan Fagge:
Buroshi ne, Oga. Ƙaramar bindiga sai Allah ya hore.

Oga Mai Feshi:
Ba laifi. Gefen tabban jiragen nan ba kaifi gare shi ba, tunda da hannu aka fesa, amma a ɗan jirgi mai tsawon yatsa biyu laushin ba zai wuce kaurin zare ba. Da buroshi ma za ka yi. Ka fara da na ƙasa mai haske, sannan toka ta rufe saman duka, sannan kore, ruwan ƙasa a ƙarshe. Fenti ya zama ruwa-ruwa kamar madara, shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Inda launi biyu suka haɗu, ka ɗauki buroshi kusan busasshe ka ɗan daddanna bakin layin.

Kuma yanzu hunturu ne. Ka yi aiki da sassafe kafin iska ta tashi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, kana gamawa ka kife roba a kan jirgin. Iskar nan tana busar da fentin ruwa a bakin buroshi kafin ya kai jiki, don haka kar ka kwaɓa da yawa a faranti, ka bar haɗin a rufe cikin kwalba kana ɗiba.

Injiniya Kaduna:
Ƙari biyu. In za ka yi masa alamun ɓarewar fenti da launin azurfa, ka tsaya a fukafukai, gindin fiffike inda matuƙi ke takawa, da wajen inji. Bayan jikin Morane zuwa wutsiya yadi ne aka ɗaura, yadi ba ya nuna ƙarfe. Na sha ganin mutum ya yi aiki mai kyau ya zo ya ɗiɗɗiga azurfa a kan yadi. Na biyu, tutar da ke jelar wutsiya shuɗi ne a gaba, fari, ja a baya, kuma shuɗin Faransa ya fi na Ingila haske sosai. Idan sitikar kwalin ta tsufa ta yi rawaya, ka manna ta a gilashin taga ta sha rana kwana kaɗan.

Autan Fagge:
Na dawo. Na goge ƙurajen, na bi hanyar Anti tunda fentin masu zane ne a hannuna, amma na karɓo sirinji a kemis na auna kamar yadda Kawu ya ce. Kore: rawaya 8, baƙi 1, ja rabi. Ga cokula uku a hoto, na ɗauka a tsakar gida ƙarfe tara. Ni na tsakiya ya fi kwanta min.

Malama Mai Zane, Zariya:
Na tsakiyan ne. Ashe Bakano na jin magana.

Injiniya Kaduna:
Na dama. Na tsakiya ruwan ƙasansa ya yi ja.

Ɗan Damagaram:
Kawu, ai terre de Sienne ke nan.

Injiniya Kaduna:
A Morane na wace runduna, a wane wata? Ka kawo hoto.

Oga Mai Feshi:
Ku duka a waya kuke kallo, kuma wayar Auta daban, taku daban. Auta, cokalin na hannunka, mu ba ya hannunmu. Shafa na tsakiya a fiffike ɗaya ka kife roba, gobe da hantsi ka sake turo mana.